Ka Sayi Filasma Amma Hoto Na Dishi-dishi? Mu Yi Maganar Wayoyi da Siffar Allo

Waɗanda data ba ta barin su saurari murya, ga shi mun rubuto muku kamar yadda muka saba.

Yau maganar talabijin za mu yi. Na san wani zai ce, haba, duk matsalolin da ke gabanmu sai talabijin? To ku tsaya ku ji. A wannan yanayi da ake ciki, filasma ba ƙaramin kuɗi ba ce. Wani adashi ya yi na wata da watanni. Wani uba ne ya ƙuntata wa kansa ya saka wa 'yarsa a kayan ɗaki. Wani kuma matashi ne da ya ranto kuɗi ya buɗe gidan kallon ƙwallo, da shi yake ci, da shi yake biyan kuɗin makarantar ƙannensa. Sai a kawo ta gida, a kafe a bango, a kunna, hoto ya fito dishi-dishi, 'yan wasa duk sun zama gajeru masu ƙiba, ƙwallo ta koma kamar ƙwai. Daga nan sai a fara cewa an cuce mu, jabu aka ba mu. Wani lokacin gaskiya ne an yi cutar. Amma sau da yawa talabijin ɗin lafiyarta ƙalau, wayar da aka jona mata ce ko saitin da aka bar ta a kai.

Abin da nake so ku riƙe a wannan shirin shi ne: talabijin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka ba ta shi take nunawa. Hoto yana tasowa daga tushe, wato dikoda ko kwamfuta ko intanet, ya biyo ta waya, sannan ya zo allo. Duk inda aka samu rauni a hanyar nan, nan hoton zai tsaya. Kamar ka gina ƙaton tanki ne ka jona masa siririn tiyo, ruwan da tiyon ya iya ɗauka shi za ka samu.

To mu fara da tambayar mene ne ma HD ɗin?

Idan ka matsa kusa da allo sosai za ka ga hoton ɗigo-ɗigo ne ƙanana, su ake kira fiksel. Yawansu shi ne kaifin hoto. Tsarin da muka taso da shi a Najeriya, wanda ake kira PAL, layi 576 ne daga sama zuwa ƙasa. A ma'aunin dijital ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720. Faifan bidiyo sidi da muka kalli finafinan Hausa da shi bai ma kai haka ba, 352 ne sau 288.

HD na farko shi ne 720p, wato 1280 sau 720. Sai cikakken HD, 1080p, wato 1920 sau 1080, ɗigo 2,073,600. Ku yi lissafi, ninki biyar ke nan na tsohon tsarinmu. Sai 4K, 3840 sau 2160, ɗigo sama da miliyan 8, ninki huɗu na cikakken HD. Sannan ku sani, yawancin talabijin masu inci 32 da ke kasuwa 1366 sau 768 ne. Idan ka ga an rubuta HD Ready a kwali, galibi wannan ake nufi, kusan rabin cikakken HD. Ba laifi ba ne a sayar da ita, laifin shi ne a karɓi kuɗin cikakken HD a ba ka ita.

Yauwa, yanzu mu juya bayan talabijin mu duba ramukan nan ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wayar nan da kowa ya sani, mai kai uku: ruwan ɗorawa, fari da ja. Muna ce mata wayar AV. Mai ruwan ɗorawar ita kaɗai ke ɗauke da hoto, fara da ja sauti ne na hagu da dama. Wannan waya iyakarta layi 576. Ko dikodarka HD ce, ko ka biya kuɗin tashoshi mafi tsada, ko talabijin ɗinka 4K ce, muddin ta wannan wayar hoto ya biyo, tsohon hoto kake kallo. Abin da ya ƙara muni, babban allo yana buɗe aibin hoto. Ɗigo dubu ɗari huɗu ne aka shimfiɗa a kan fili mai ɗigo miliyan biyu ko takwas. Shi ya sa za ka ji dattijo yana cewa tsohuwar talabijin ɗinsa mai doro ta fi wannan fitar da hoto. Ba ƙarya yake yi ba, ita an ƙera ta ne daidai da wancan hoton. Wallahi wannan ita ce matsala ta ɗaya a gidajenmu. Mai haɗa dish ya zo da sauri, ya jona AV don ita ce a hannunsa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, gida ya shekara uku a haka.

Akwai wata mai kama da ita, amma kai biyar: kore, shuɗi da ja na hoto, sai fari da wani jan na sauti. Ita wannan tana iya ɗaukar HD, har 720p da 1080i. Inda ake rikicewa shi ne ja biyu ne. Idan ka musanya su, launin hoto zai birkice, sauti ya dinga ƙara. Haka kuma idan ka ga hoto ya fito baƙi da fari, duba da kyau, sau da yawa an cusa mai ruwan ɗorawa ne a ramin kore ba tare da an canza mashiga a rimot ba.

Akwai VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi 15, ta tsofaffin kwamfutoci. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987. Hoto kawai take kaiwa, babu sauti, sai ka nemo wa sauti tasa wayar. 'Yan uwanmu na Nijar da masu sayen talabijin na hannu daga Turai kuma sun san wani faffaɗan rami mai ƙusoshi 21, SCART, wanda Faransawa ke kira Péritel. Shi ma na tsohon hoto ne.

Sai kuma HDMI, wadda ita ce maganarmu. An fitar da tsarinta na farko a Disambar 2002, kamfanoni irin su Sony, Panasonic, Philips, Toshiba da Hitachi na cikin waɗanda suka haɗu suka samar da ita. Waya ɗaya ce mai ƙusoshi 19, tana ɗauke da hoto da sauti gaba ɗaya, kuma a dijital. An yi ta inganta ta: 1.4 ta zo a 2009, 2.0 a 2013 wadda ke ɗaukar 4K a hoto 60 cikin daƙiƙa, sai 2.1 a 2017. Idan dikodarka tana da ramin HDMI, talabijin ma tana da shi, to magana ta ƙare, cire AV ka ajiye.

A nan ne kuma ake yi wa mutane wayo. Za ka shiga shago a nuno maka waya mai kai ruwan zinare, an naɗe ta da zare mai ƙyalli, a ce wannan ta fi fitar da kala, kuɗinta ninki biyar. Ɗan uwa, saƙon dijital lambobi ne. Ko dai sun isa ko ba su isa ba. Idan sun isa, hoton waya mai araha da na mai tsada iri ɗaya ne, babu wani jan da zai fi ja. Idan waya ba ta da kyau, za ka gane: hoto zai dinga ɗaukewa yana dawowa, ko ka ga ɗigo-ɗigon haske na walƙiya a allo, ko allon ya yi baƙi. Abin da za ka duba shi ne rubutun jikinta. Wadda aka rubuta High Speed ta ishe ka 1080p. Idan 4K ce da gaske, nemi Premium High Speed. Ita Ultra High Speed ta masu wasan gem ce a PlayStation 5 da makamantansu. Abin da tsada ke saya maka kawai shi ne ƙwari, kada kan ya karye da wuri.

Inda waya ke da muhimmanci da gaske shi ne tsawo. Mita biyu, mita uku, babu damuwa. Da ka wuce mita 10 zuwa 15 da wayar tagulla ta yau da kullum, matsala na iya farawa. Masu gidan kallo, ku saurara nan. Idan allo ɗaya yana gaba, ɗaya yana can ƙarshen rumfa, akwai 'yar na'ura mai tura HDMI ta cikin wayar intanet irin Cat6, akwai kuma HDMI mai zaren gilashi a ciki. Ita mai zaren gilashin tana da gaba da baya, an rubuta a kowane kai wanda ke shiga dikoda da wanda ke shiga talabijin, idan ka juya ba za ta yi ba. Sannan ku bambance na'urori biyu da ake yawan rikitawa. Sifilita tana ɗaukar dikoda ɗaya ta raba wa talabijin da yawa, duk wasa ɗaya za su nuna. Suwic kuma akasin haka ne, na'urori da yawa ne ke shiga talabijin ɗaya. Ka san wadda kake nema kafin ka je Sabon Gari, kuma idan sifilita ce ka sayi mai jona wuta.

Ka jona HDMI, shi ke nan? Saura abu biyu. Ka danna maɓallin mashiga a rimot, wanda aka rubuta Source ko Input, ka zaɓi lambar ramin da ka cusa wayar. Sannan ka shiga saitin dikodar kanta, ka duba abin da take fitarwa. Wasu suna nan a 576 tun daga kwali. Ka mai da shi 1080, kuma ka gaya mata allonka 16:9 ne. Kada ka manta, ba kowace tasha ce HD ba. Tashar da ke watsa tsohon hoto, ko da wace waya ka kalle ta haka za ta fito. Ka gwada da tashar da ka tabbata HD ce kafin ka yanke hukunci.

To yanzu mu shiga ɗaya ɓangaren, wanda ya fi jawo gardama a majalisa: siffar allo, wato faɗinsa idan aka gwada da tsayinsa.

Tsohuwar talabijin 4:3 ce. Ma'ana idan faɗi taku huɗu ne, tsayi taku uku ne, kusan murabba'i. Daga sinima ta gaji wannan siffar. Da talabijin ta fara kwashe wa gidajen sinima 'yan kallo a Amurka, sai masu fim suka nemi abin da akwatin gida ba zai iya ba, suka faɗaɗa allo. A 1953 aka fito da tsarin CinemaScope, daga nan aka samu finafinai masu faɗi sosai, 2.35 zuwa 1, yau kuma 2.39 zuwa 1. Yawancin finafinan Indiya na sinima a wannan siffar suke.

Da aka zo tsara talabijin ta HD a shekarun 1980, sai tambaya ta taso: wace siffa za a ba ta? Wani injiniya a Amurka, Kerns Powers, ya jera siffofin da ake da su, kowace da fili daidai da 'yar uwarta, ya ɗora su a kan juna, ya ga cewa 16:9, wato 1.78, ita ce tsaka-tsaki tsakanin 1.33 na tsohuwar talabijin da 2.35 na sinima. Kun ga ke nan 16:9 sulhu ce aka yi. Kuma duk sulhu, kowa sai ya bar wani abu. Tsohon shiri zai bar baƙi a gefe da gefe, fim ɗin sinima zai bar baƙi a sama da ƙasa.

Don haka baƙin nan ba lalacewa ba ne. Idan ka kunna Sangaya ko Wasila, ko tsohon wasan kwaikwayo na NTA, a allon 1920 sau 1080, hoton zai ci ɗigo 1440 a tsakiya, ya bar 240 a kowane gefe. Haka aka ɗauke shi. Idan ka kunna fim ɗin Indiya, zai ci layi wajen 800, saura baƙi sama da ƙasa. Haka daraktan ya tsara shi. Bidiyon waya na tsaye kuwa, irin na TikTok, 9:16 ne, bai kai kashi ɗaya cikin uku na allon ba.

Amma mu me muke yi? Sai mu ce ai kuɗi na biya, dole allo ya cika. Sai a ɗauki rimot a ja hoton. Hanya biyu ce, kuma kowace da asararta. Idan ka miƙe 4:3 ya cika 16:9, ka ƙara wa komai faɗi da kashi 33 cikin ɗari. Nan ne siririn jarumi ke zama mai tumbi, ƙwallo ta zama ƙwai. Idan kuma ka zuƙo hoton, wato Zoom, siffar mutane ba za ta lalace ba, amma ka yanke kashi 25 cikin ɗari na tsayin hoton. Hular mai karanta labarai ta tafi, fassarar da ke ƙasan fim ta tafi. Shawarata, ka bar shi a Original ko Auto, kwana biyu idonka zai saba da baƙin.

Akwai kuma wani yankan da ba a lura da shi. Talabijin da yawa suna zuwa da saitin da ke ɗan zuƙo hoto ya cinye bakin-bakinsa, gadon zamanin mai doro ne. Alamarsa ita ce ka ga an gutsure allon maki a kusurwa lokacin wasa, ko rubutun labarai da ke gudu a ƙasa ya nutse rabi, ko ka jona kwamfuta ka rasa layin ƙasa. Maganinsa yana cikin saitin girman hoto. A LG sunansa Just Scan, a Samsung Fit to Screen ko Screen Fit, a Sony Full Pixel. Ka kunna shi, kowane ɗigo zai zauna a gurbinsa, hoton ma zai ƙara kaifi.

Wani abin da siffar allo ke shafa shi ne inci. Ana auna inci ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗi ba. Filasma mai inci 32 faɗinta wajen santimita 71 ne, tsayinta 40. Mai inci 43, wajen 95 da 54. Mai 55, wajen 122 da 68. Shi ya sa wanda ya saba da mai doro inci 29 idan ya koma filasma 32 sai ya ga kamar mutane ba su ƙara girma ba. Gaskiyarsa, tsayin kusan ɗaya ne, faɗi ne kawai ya ƙaru. Ka auna bangonka da tef kafin ka fita.

Nisan zama ma yana cikin lissafi. Ido yana da iyaka. A allo mai inci 32, idan ka wuce kamar mita biyu, da wuya ka bambance 720 da 1080. Don haka mai ɗaki ɗaya da ke zaune nesa da ƙaramin allo, kada ya takura kansa. Mai gidan kallo kuma, mutanen bencin baya girman allo suke buƙata da haskensa, ba 4K ba. Ƙari a kan haka, ka tambayi kanka ina za ka samo 4K ɗin? Netflix da kansu sun ce awa ɗaya ta HD tana iya cin gigabait 3, ta 4K har 7. Da kuɗin data na yanzu, kowa ya yi wa kansa hisabi.

Kafin mu rufe, maganar wuta, don ita ce ke kashe ramukan HDMI a ƙasar nan. Wutarmu bolt 230 ce. Talabijin ta hannu da aka yi don Amurka tana iya zama ta bolt 120 kawai, ka karanta takardar da ke manne a bayanta, idan ka ga 100 zuwa 240 to babu damuwa. Irin waɗannan kuma ba sa kama tashoshinmu na eriya, domin tsarinmu na dijital DVB-T2 ne, wanda aka ƙaddamar a Jos a Afrilun 2016, nasu kuma daban ne. Ka sa wa talabijin da dikoda na'urar kariya daga hawa da saukar wuta. Kada ka kunna su sai janareto ya daidaita. Idan za ka cire ko ka cusa HDMI, ka kashe kayan tukuna. Da damina kuma, idan hadari ya haɗu ana tsawa, cire filogi bai isa ba, ka kwance wayar dish daga dikoda. Ta nan wutar tsawa ke biyowa, ta bi HDMI ta shiga talabijin.

Ranar saye, kada kunya ta hana ka haƙƙinka. A buɗe kwali a gabanka, a kunna. Ka ɗauki lambar samfurin da ke bayanta ka bincika a intanet, ka ga ainihin yawan ɗigon allon, domin wata an rubuta 4K a kwali alhali karɓar saƙon 4K kawai take yi ta rage shi. Ka tafi da filashi mai ɗauke da hoto fari zalla, baƙi zalla, ja, kore da shuɗi, za su tona maka mataccen ɗigo ko tabo. A gwada kowane ramin HDMI, ba ɗaya kawai ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar samfuri da ta jikin na'urar, da katin garanti. Idan rigima ta taso, da rasit ɗin za ka tsaya gaban shugabannin kasuwa ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Idan ka isa gida kuma, ka fitar da ita daga saitin shago ka mai da ita na gida, don na shago haske yake ƙurewa, ya ci wuta, ya gajiyar da ido. Masu sola da inbata sun fi kowa sanin darajar wannan.

Aikin da zan ba ku a wannan makon ƙarami ne. Ka leƙa bayan talabijin ɗin gidanku, da na gidan Hajiya, da na gidan yayarka. Idan ka ga mai ruwan ɗorawa a jone alhali akwai ramin HDMI a dikoda, ka canza musu, ka gyara saitin, ka mai da siffar hoto yadda take. Minti goma ne. Kuma ku matasa masu neman abin yi, ku lura, haɗa kayan kallo yadda ya kamata sana'a ce. Otal-otal, makarantu, asibitoci da gidajen kallo duk suna neman wanda ya san bambancin sifilita da suwic, wanda ba zai bar musu hoto a miƙe ba.

Nan za mu dakata. Wanda ya amfana ya tura wa abokinsa mai gidan kallo, da angon da ke shirin haɗa falo. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah Ya kai mu.